Runhun Wankan Jego

Shekarar da matata ta haifi ɗanmu na fari a Kurfi, an jera damuna ruwa na ɗaukewa tun gero bai yi ido ba. A gidanmu mai jego ba ta wanka sai da ganyen runhu. A tafasa ruwa, a tsoma ganyen, a riƙa fyaɗa mata safe da yamma har ta yi arba'in. Inna, mahaifiyata, ta haƙiƙance in babu shi sanyi zai shiga mace, ƙafafu su kumbura. Haka ta rasa ƙanwarta.

"Malam, je bayan gari ka karyo," in ji ta, kamar yadda aka saba.

Na je. Inda muke karyarsa muna yara, tumfafiya ce ta mamaye. Na hau keke na bi hanyar Tamawa. Fadamar da nake yanko gamba in fere alƙalami ta zama fako, sai sabara jefi-jefi. Na tambayi wani makiyayi.

"Runhu? Malam, awaki ma nemansa suke," ya ce. "Gwada wajen Barkiya, gindin duwatsu, inda ƙasa ke riƙe laima."

Ina tafe ina salati, hankalina na gida. Ruwa na kan wuta tun hantsi.

A tsagin wani dutse na same shi, guda ɗaya, masu buƙata irin tawa sun riga sun tsige shi. Reshe ɗaya ya rage da ganye. Na daɗe tsaye. In na karya shi, ya mutu. In na bari, me zan ce wa Inna? Na tsinki abin da bai cika tafin hannu ba. A bakin kasuwa na karyo bedi, wato darbejiya, wadda gwamnati ta dasa, fari bai dame ta ba.

Inna ta juya ganyen, ta shinshina.

"Mi ka kawo mani? Baƙon icce zai wanke mani ɗiya?"

"Shi ya rage, Inna."

Sai ta ɗaure ɗan runhun a tsakiyar bedin, ta yi bisimilla, ta tsoma.

Kullum da safe takan danna ƙafar matata da yatsa ta ga ko zai lotsa. Da ikon Allah bai lotsa ba. Duk da haka, ranar arba'in ta aike ni Barkiya in dubo ko reshen nan ya yi toho.