Ranar da Dela Ta Ƙi Durƙusawa

Duk wanda ya san cocinmu, a wani ɗan ƙauye bayan Roni, ya san Dela mai ƙuli-ƙuli. Mijinta ya rasu shekara goma sha biyu ke nan. Ba ta iya karatu ba, in kuwa ta ɗauko waƙa a zumuntar mata sai mu yi ta taɓa juna, don muryar ba daɗi ko kaɗan. Amma Allah ya ba ta baiwa guda: in mutum ya kwanta ciwo, ita ce farkon zuwa. Ta wanke shi, ta dama masa kunu, ta durƙusa gefen tabarma ta yi addu'a a hankali. Da yawa sun tashi. Har maƙwabtanmu Musulmi kan aiko a kira ta in haihuwa ta yi gardama.

Mu ne muka ɓata abin da bakinmu, kuma yayana Daudu, dattijon coci, shi ne kan gaba. Kowace Lahadi sai ya ce mai Dela ba ruwansa da likita. Ita kuwa ta tsani maganar nan, ta sha roƙonsa ya daina, amma ina! Daudu in ya kafe, jaki ma ya fi shi sauƙin juyawa.

Bara, lokacin cirar gyaɗa, ranar wata Asabar da hantsi muna sharar coci, sai ga mutane da gudu ɗauke da 'yar Daudu, Rahamatu, mai shekara goma sha huɗu. Kububuwa ce ta sare ta a ƙafa. Maimakon a yi bakin titi da ita, sai aka kwantar da ita gaban mumbari aka aika a kira Dela.

Ta zo da man gyaɗa a hannunta ko wankewa ba ta yi ba. Ta duba ƙafar, ta kumbura har gwiwa. Ta ɗaga leɓen yarinyar, na leƙa ni ma, na ga jini yana tsattsafowa daga dasashi. Kowa ya durƙusa yana jiran ta fara, amma Dela na nan tsaye. Ta ce a kira Sama'ilu mai babur, maƙwabcinmu, yanzu yanzu a tafi asibitin Kazaure.

Daudu ya miƙe kamar an tsikare shi. Ya ce kowa ya san allura da dafin maciji ba sa haɗuwa, kuma fita da yarinya daga ɗakin Allah rashin bangaskiya ne. Ya ce ta yi aikin da Allah ya ba ta kawai. Wasu suka ce haka ne. Ana ta wannan surutu, numfashin yarinya sai sama sama yake.

"Baban Rahamatu," in ji Dela, "a can garinmu wajen Gwiwa, a aurena na fari, haka na durƙusa kwana biyu a kan ɗana. Jini na fita ta hancinsa ina cewa a bar ni da Allah. Da hannun nan na rufe masa ido. Ba zan sake ba."

Shekara talatin muna tare, ban taɓa jin tana da wani ɗa ba. Amma yayan nan nawa ya je ya tare ƙofa, ya ce in yarinya ta mutu a hanya alhakin na wuyan Dela, kuma kada ƙafarta ta sake taka gidansa. Nan raina ya ɓaci. Ban taɓa ɗaga wa Yaya Daudu murya ba sai ranar. Na ce masa ya matsa ko in ture shi gaban jama'a, kuma da bai matsa ba, na ture shin.

Sama'ilu ya ja, Rahamatu a tsakiya, Dela a baya ta rungume ta. Ni na bi su a wani babur. Duk tsawon hanyar ina jiyo muryar nan tata marar daɗi tana kiran sunan Yesu, har muka shiga Kazaure. Aka ɗaura ruwa, aka sa maganin dafi, aka ce mu jira. Jinin bai tsaya da wuri ba. Na kasa daurewa, na fita bakin ƙofar asibiti na yi kukana. Ashe wani ɗan ƙauyenmu ya gan ni, ya koma gida ya ce ai yarinya ta cika.

Washegari da safe sai ga Daudu. Idanunsa jawur, tafiyarsa kamar ta tsoho, ga farin yadi a naɗe a hammatarsa. Ya tarar da Dela zaune bakin ɗakin marasa lafiya, ya tsaya a kanta, ya tambaya ina aka ajiye masa 'yarsa.

Dela ta dubi yadin, ta dube shi.

"Ɓoye wannan kada ta gani," ta ce. "Je ka nemo kunu mai zafi. Tun ɗazu take cewa yunwa take ji."