Jarkar Maganin Feshi a Kan Dandamali

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta yammacin da muka yi wasan kwaikwayo a wani ƙauye kusa da Bunkure ba.

Lokacin muna da 'yar ƙungiya, yawancinmu manoman rani ne, ni kuma aikina jan labule. Muka shirya wasa a kan masu zuba ruwan sha a tsohuwar jarkar maganin feshi. Jarumin wasan abokina ne, manomin tumatir, sarkin barkwanci. Rawar da zai taka ita ce ya dawo daga gona, ya sha ruwa a jarkar, can gaba ya faɗi.

A wajen gwaji da jarkar man gyaɗa muke yi. Ranar wasan sai mai ba da umarni ya ce, "Haba, manoma fa za su kalla! Ku kawo ta gaske." Wanda ya ɗauko ta daga gona ya zaci mai kula da kayan wasa zai wanke. Shi kuma ya zaci an wanke, ya cika ta da ruwa.

Muna da doka, har alfahari muke da ita: in an buɗe labule, ko kunama ce ta harbe ka, ba ka fasa wasa. Ina gefe na ga abokina ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ɗan waigo mu. Sai ya haɗiye, ya ƙara, ya ci gaba da magana.

A fitowa ta biyu gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, yawu na dalala. Ya faɗi tun kafin lokacinsa. 'Yan kallo suka ɗau tafi da shewa.

Na ce wa mai ba da umarni, "Malam, wallahi wannan ba wasa ba ne."

Ya riƙe min hannu ya ce, "Bari fitowar ta ƙare."

Mahaifiyar abokina ce ta keto cikin mata ta hau dandamali tana ihu, "Ku bar tafin nan! Ni na haife shi, ɗana mutuwa yake!"

Muka sa shi a mota, amma ba mu kai asibiti ba. Muna shiga Kura ya cika, kansa a cinyata, fuskarsa da kwalliyar wasa. Na yi kuka kamar ƙaramin yaro, kuma har gobe ina jin haushin dokar nan.

Tun ranar na gane ba sana'ar da dokarta ta kai ran mutum. In ka ga ɗan'uwanka ya canza, tsayar da komai ka duba shi. Wasa in ya lalace gobe a sake, abokina kuwa mun binne shi washegari da safe.