Kifin da Na Fasa wa Ciki a Gaban Hukuma

Ni 'yar Sarkawa ce. A bakin Kwara aka yanke min cibiya, tun ban iya ɗaura zani ba na iya fere kifi. Ban shiga aji ba, amma a ajiye min kifi ido rufe, da hanci zan faɗi kwanansa nawa da barin ruwa. Na fara da wannan ne don kada a ce rashin sani ya sa na yi abin da na yi a ƙasar Maleshiya.

Wankan jego ya kai ni. Autata ta haihu a Kuala Lumpur, inda mijinta ke karatun zama dakta, ba na allura ba, na takarda. Gidansu yana unguwar Setapak, hawa na goma sha huɗu, inda ko kaza ba ta da wurin tono. Surukina mutum ne mai kunya, ni ma ina da tawa, don haka yawancin maganarmu ta bakin 'yata take bi, ko da muna ɗaki ɗaya.

Duk Asabar sai ya saɓa wata doguwar fatsa mai wani abu kamar keken ɗinki a gindinta, ya fita. La'asar ya dawo hannu biyu babu komai. Asabar ta uku na kasa haƙuri.

"Ke, tambayi Malam, ruwan garin nan ba kifi ne, ko kifin ne ya raina shi?"

Ya sunkuyar da kai ya miƙo mata waya ta nuna min. Ga shi nan a hoto rungume da kifi kamar jariri, haƙora duk a waje.

"To ina kifin?"

"Inna, mayarwa suke yi," in ji 'yata. "Su kama, su auna, su ɗau hoto, su sake shi."

Na ce, "Shi kifin an tambaye shi ko yana son hoto?"

Daga baya ta yi min bayani a kicin. Wata ƙungiya ce ta masu kamun kifi don nishaɗi, yawancinsu Malayawa da 'yan Sin, shi kaɗai ne baƙar fata. Shekara biyu ya yi a garin daga ɗakin karatu sai masallaci, har ya fara magana shi kaɗai, sai da mutanen nan suka ja shi jikinsu ya dawo mutum. A lokacin hukuma na shirin rufe wani yanki na teku, a hana kowa kamu don kifi ya hayayyafa. Su kuma suna roƙon a bar su su riƙa shiga, tunda ba sa kashewa. Shi suka ba aikin rubuta takardar roƙon. Sun gayyaci wata jami'ar hukumar kifi ta zo bakin teku ta gani da idonta, aka ce kowa ya zo da iyalinsa.

"Don Allah Inna, in mun je ki zauna kawai."

Na ce, "Da rawa aka ce miki zan yi?"

Ranar muka yi tafiyar fiye da awa guda a mota. Aka kafa rumfa, aka shimfiɗa mana tabarma tare da matan. Suna ce min nenek, wai kaka, suna turo min shinkafa cikin ganyen ayaba suna cewa makan, makan, wai in ci. Na ci, ba laifi, sai dai kwakwa ta yi yawa.

Can shugaban ƙungiyar, wani dattijon Bamalaye mai hular kaba, ya kamo wani ƙaton kifi. Ina ganinsa gabana ya faɗi, sak giwan ruwanmu, har ƙusumbin. Suka kawo shi inuwar rumfa, suka sa a wani babban baho mai ruwa dab da ƙafata, suka juya gaba ɗaya suka tafi tarbar jami'ar da motarta ta tsaya. 'Yata ta shiga bayan rumfa tana ba jariri nono.

A garinmu, idan namiji ya kawo kifi ya ajiye a gaban mace ya juya, ya gama nasa, saura nata. Ba a faɗa da baki. Na san suna saki, amma a ruwa na ji ana saki. Wanda aka ɗauko har gaban tsohuwa, na ɗauka girmama ni aka yi. Ga wuƙar yanka kankana a faranti. Na yi bisimilla, na kwaɗa masa dutse a ka, na fasa cikin. Matan suka yi ta ɗaga hannu suna wata magana, na ɗauka yaba saurin hannuna suke.

Haka suka iso suka same ni: jami'ar a gaba da littafinta, shugaba na yi mata bayanin yadda za a mayar da kifin lafiya lau, ni kuma hannuna jini har gwiwa. Na dubi surukina, na ga fuskarsa ta koma kamar toka.

Amma ni a lokacin ba su ne a gabana ba. Cikin kifin cike yake da ƙwai, jaka biyu, rawaya, kowace ta kai tsawon tafin hannuna da rabi. Kunya ta kama ni, irin wadda ban ji ba tun ina yarinya. Na manta da surukuta, na dube shi kai tsaye.

"Malam, faɗa musu. Na yi laifi, amma sun riga ni. Wannan uwa ce. A wurinmu idan kifi ya ɗau ƙwai, sarkin ruwa kan kafa sanda a bakin gurbin, ya ɗaura mata ganye. Daga ranar ba mai jefa ko zare, har ɗansa. Kuma ba a cewa zan kama in saki. Wace mai ciki ce za a ja da ƙugiya a baki, a yi ta kokawa da ita, a ɗaga ta sama a yi hoto, sannan a ce jeki Allah ya sauke ki lafiya?"

Ya tsaya. Ya san maganar nan kishiyar takardarsa ce, kuma duk wurin ba mai jin Hausa sai shi da matarsa. Da ya ce tsohuwa haƙuri take bayarwa, wa zai ƙaryata shi? Sai ya fara Turanci. Ban ji ko kalma ba, amma na ga ya nuna bakinsa, ya nuna ciki, na san bai rage komai ba. Jami'ar ta yi ta rubutu. Ta tambaya wata nawa sandar ke yi. Na ce sai an ga 'ya'yan kifi sun kai tsawon yatsa, amma watannin tekunsu ban sani ba, su tambayi tsofaffinsu masu ƙananan kwalekwale.

Muka koma gida. Sati guda surukina yana duba waya yana ajiyewa. 'Yata ta daina sa min sukari a shayi, wai don lafiyata. Ni kuma na yi ta addu'a a ɓoye, don raba mutum da abokansa a ƙasar da ba tasa ba, ba ƙaramin abu ba ne.

Ranar Juma'a da dare sai ga kiran shugaba. Wai sun zauna sun yi ta musu har da buga tebur, a ƙarshe suka yarda a sake takardar: a rufe wa kowa a watannin ƙwai, har su, sauran watanni a bar su su shiga. Kuma shi suke so ya sake rubutawa, gobe za su biyo su ɗauke shi. Abin da hukuma ta yanke ban sani ba, na dawo gida kafin nan.

Da safe surukina yana ɗaura takalmi na ce wa 'yata ta tambaye shi ko in ɗauko mayafina. Ya durƙusa har ƙasa.

"Hajiya, sun ce a gaishe ki da kyau da kyau. Sun kuma ce ranar bakin teku ba ta da kyau ga manya."