Hulunan da aka wanke

Shekara uku ina riƙe da wata na'ura a wani ƙaramin asibiti a Ketaren Gwari, inda ake bincike kan masu shanyewar ɓarin jiki. Faifan maganaɗisu ne ake ɗora wa mutum a ka, a danna, ya yi ƙas, sai babban yatsansa ya motsa. Aikina in nemo daidai wurin da yatsan ke amsawa, in rubuta ƙarfin da ya motsa shi. A baki abu ne mai sauƙi. Amma da ka ɗan karkata hannu lambar ta sauya, ni kaina sai da na shekara kafin hannuna ya zauna.

Shi ya sa na ɗinka wa kowane majiyyaci farar hula, na ɗiga wurinsa da biro, na ja layin yadda faifan ke kwanciya. Likitan da ke jagorantar binciken yakan yabe ni gaban baƙi, wai hannuna ya fi na'urar daraja. Ni kuwa, sakarai, na ɗauka har zuci yake faɗa.

Da na tafi hutun haihuwa sai Likita ya ɗora wani sabon ma'aikaci mai digiri biyu a wurina, wanda aka nuna wa aikin a kwana biyu. Bawan Allah ya ga hulunan sun yi dauɗa, ya ba da su aka jiƙa a bilic, alamun biron duk suka goge.

Na dawo na tarar lambobinsa sun yi hannun riga da nawa. Wani dattijo ɗan Limawa, wanda yatsansa ya fara amsawa da kyau a hannuna, takarda ta nuna wai ya koma baya. Turawan da suka ba da na'urar suka rubuto suna tambayar awon wa za a yarda da shi. Na roƙi Likita ya bar mu mu biyu mu auna dattijon rana ɗaya, kowa ya gani da idonsa. Ko ɗago kai bai yi ba.

Ya ce, "Kin fi shi hannu, na sani. Amma shi ne mai takardar da zan nuna musu."

A rahoton ya rubuta cewa ma'aikaciya marar horo ce ta yi awon farko, an jingine shi. Abin ya ci mini rai, har yau ban huce ba. Sabon ma'aikacin ban riƙe shi da komai ba, bai sani ba ne. Likita kuwa ya sani.

Da zan tafi na bi ta bayan asibitin, inda hulunan ke shanye a igiya tun da aka wanke su, farare tas. Na tsaya ina juya su ɗaya bayan ɗaya ina neman ta dattijon, ban gane ta ba.