Tsiron Geron Da Na Watsa Wa Kaji

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda na rantse ba zan manta ba, amma abin da na aikata da wani faifan gero a gidanmu da ke unguwar Bolewa, wannan kam da shi za a kai ni kabari. Yarinyar da nake goyo a lokacin yanzu tana sakandare, amma har yau in na tuna sai na ji fuskata ta yi zafi.

Mahaifinmu ɗan kasuwar hatsi ne, tun yana saurayi ya baro Kano ya zauna a Potiskum. Ni ce 'yar fari, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata. Tun ina 'yar shekara goma sha biyu ni ke dama masa fura. Ko bayan na yi aure a can wani ɓangaren gari, duk Juma'a sai na aiko masa da dambu, shi kuma sai ya zauna a zaure yana ba abokansa labarin hannuna. To, wanda aka yi ta yabo shekara ashirin, ai dole kai ya yi masa girma. Ni dai nawa ya yi.

A wata damina taifot ya kama shi, aka yi ta maganin gida ana cewa shawara ce, har ciwon ya huda masa hanji. Aka yi masa aiki, ya yi sati uku a asibiti, aka sallamo shi kamar ba shi ba. Matsalar da ta rage ita ce abinci. In an ba shi mai kauri sai ya dawo da shi, in an tsinka da ruwa kuma ba ya riƙe ciki. Likita ya gaya mana ba ɓoye-ɓoye cewa in aka ga yana ƙara ramewa, za a dawo da shi gado a zura masa roba ta hanci a riƙa ba shi abinci ta nan. Baba ya ga yadda aka yi wa na gadon kusa da shi, kuma ba abin da yake tsoro a duniya kamar robar nan.

Sai na ɗaura ɗamara. Kullum da hantsi ina cikin keke napep da kuloli uku, goyo a baya. Farfesun zabo, romon ƙashi, faten dankali, dabino da madara da na markaɗa, garin zogale a cikin zuma, duk abin da na gani a waya an ce yana gina jiki sai da na gwada. Baba zai karɓi cokali biyu don kada raina ya ɓaci, ya ce, "Allah ya yi albarka, Uwata," sannan ya juya fuska bango. Jikokin gidan ne suka yi ƙiba a wannan jinyar.

A gidan akwai matar ƙanina, wadda kowa ke kira Amarya don wata takwas ke nan da kawo ta daga Fika. Mijinta yana bin tirelar shanu zuwa kudu, sai ya yi sati biyu ba ya gari. Yarinya ce shiru-shiru, in ta yi Hausa kana jin Bolanci a ƙarƙashi, kuma ni a raina na riga na yanke cewa iyakar iyawarta tuwo da miyar kuka. Ba ta taɓa yi mini komai ba. Har ƙasa take gaishe ni, ta karɓi goyona, ta wanke kulolina.

Wata safiya na shiga ɗakin Baba na tarar da shi zaune ya jingina da filo, ga kofin silba a gefensa wayam. Inna, mahaifiyarmu, sai murmushi take yi.

"Kunun Amarya ne," in ji ta. "Kofi biyu ya sha, kuma ya zauna."

Na ce alhamdulillahi, kuma Allah ya sani na yi murna. Amma murnar ba ita kaɗai ta zo ba. Wani abu ya biyo bayanta, na tsaya riƙe da kulolina kamar mai tallan da aka ce wa an ƙoshi. Ana cewa kishi kumallon mata, mutane suna zaton a kan miji kawai yake tashi. Ni a kan ubana ya tasar mini, kuma ya fi kowanne ɗaci.

Na ɗanɗana ragowar kunun a ɓoye. Gero ne da gyaɗa da 'yar tsamiya, ba wani abin a zo a gani ba. Sai dai yana da nauyi a kofi kamar an zuba gari da yawa, amma yana zuba kamar madara, ga wani ɗan zaƙi ba na sukari ba. Na koma gida na dama nawa har sau huɗu. In na cika gari ya zama kamar tuwo, in na ƙara ruwa ya zama tsululu. Na kawo wa Baba mafi kyawun, ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye.

Tambaya ɗaya ce da ta raba ni da wahala. Amma ta yaya ni, da na haɗa lefen yarinyar nan da hannuna, zan tsuguna gabanta in ce ta koya mini dama kunu? Sai na zaɓi in riƙa zama a tsakar gida ina satar kallonta, ita kuma kullum kafin in iso ta riga ta gama.

Cikin kwana takwas Baba ya fara fitowa ƙofar ɗaki yana shan hantsi. Ina jin sa yana gaya wa masu dubiya, "Allah ne ya kawo mini magani har gida daga Fika." Ranar da ya gama da ni ita ce ranar da ya dube ni da tausayi ya ce, "Uwata, ki huta da ɗaukar kulolin nan. 'Yar nan ta sauke miki." Shi da alheri ya faɗa. Ni kuwa kuka na yi a cikin napep har gida, direba yana ta ba ni haƙuri yana zaton rasuwa aka yi mini.

Washegari ina neman murfin kula a bayan randa sai na ci karo da faifai an rufe shi da jiƙaƙƙen buhu. Na ɗaga. Gero ne, duk ya fitar da fararen saiwoyi kamar zare. A nan ne nake so in faɗi gaskiyar da na daɗe ban faɗa ba: na san ko mene ne. Surukata tana yin kunun zaƙi da tsiron shinkafa, na sha ganinsa a gidanta. Har sunsuna shi na yi, ba wari ba tsami, ƙamshi ne mai daɗi kamar na ɗanyar ciyawa. A take na gane sirrin kunun ke nan. Maimakon in rufe in ajiye, sai na ɗauko faifan na fito tsakar gida, na tsaya daidai tagar Baba, na ɗaga murya.

"Inna, fito ki ga abin da ake ɗura wa marar lafiya! Gero har ya yi gashi!"

Amarya ta fito daga kicin da gudu, hannunta duk toka. "Yaya, ba ruɓa ya yi ba, tsiro ne. In ya bushe sai a niƙa. Cokali ɗaya za a sa a kunu mai kauri, sai ya saki da kansa, ba sai an ƙara ruwa ba. Haka kakata take yi wa yaran da aka yaye. Don Allah Yaya, garin da ya rage na gobe ne kawai."

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Amma ganin yadda Inna ta gyaɗa kai, alamar maganar ta shige ta, sai kumallon nan ya taso mini har wuya.

"Tsiro?" na ce. "Ni dai a iya sanina, masu dafa burkutu su ke tsirar da hatsi. Ko can wajenku haka ake yi?"

Na watsa geron a ƙasa, kaji suka yo caa a kansa. Amarya ta tsuguna ta ɗauki faifan, ta kakkaɓe, ta shiga ɗakinta.

Sai muka ji tarin Baba. Ya kira Inna, na bi bayanta. Ya nuna kofin da ke gefensa, da sauran rabi a ciki.

"A fitar mini da wannan. Na kai wannan shekarun ban sa haram a cikina ba, ba zan fara ina bakin kabari ba."

Inna ta yi bayani har ta gaji. Ta ce kai da ka tsufa a cikin hatsi, ka san tsiro daban, abin maye daban. Ta ce ai kunun zaƙin da ake sha a gidan suna da tsiro ake yin sa. Baba ya girgiza kai, ya faɗi maganar da har gobe take sukata.

"Uwata ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. In ba ta ga wani abu ba, ba za ta faɗa ba."

Ina tsaye a wurin. Kalma biyu za su gyara komai, amma na yi shiru, don a wani lungu na zuciyata daɗi nake ji an dawo mini da matsayina. Na ce a raina gobe zan kawo nawa, dole ya sha tunda babu wani.

Bai sha ba. Ba ƙi ya yi ba, ya yi ƙoƙari, cikin ne ya ƙi karɓa. Kuma tunda zuciyarsa ta tashi, ko warin kunu ya ji sai amai. Kwana huɗu ba abin da ya zauna masa sai ruwa da zuma. Mutumin da ya fara fitowa shan hantsi ya koma sai an tayar da shi an zaunar. A rana ta biyar muka sa shi a mota muka koma asibiti.

Ina riƙe da hannunsa aka zura masa robar. Ba zan iya kwatanta muku ba. Yana kakari, hawaye na bin gefen fuskarsa zuwa kunne, yana matse yatsuna da ɗan ƙarfin da ya rage masa, yana kallona kamar ni ce zan cece shi. Ma'aikaciyar jinyar tana cewa, "Haɗiye, Baba, haɗiye." Ni kaɗai a ɗakin na san wanda ya kawo shi kan gadon nan.

Kwana biyu bayan haka, da la'asar, sai ga Amarya da filas a hannu. Ashe tun ranar da na watsar da geron ta jiƙa wani ta ɓoye a ƙarƙashin gadonta. Da ya tsira, rana ta ƙi fitowa saboda hadari, sai ta riƙa shanya shi a faranti kusa da murhu tana juyawa har ya bushe. Ta gaishe ni har ƙasa kamar kullum, ta miƙo mini filas ɗin a ƙofa, ta rage murya.

"Yaya, in likita ya yarda, ki ce ke kika dama. In daga hannunki ne zai sha."

Na dubi yarinyar nan da na jefa da mummunar magana a gaban surukanta. Ƙarya ta biyu take ba ni kyauta don ta rufa mini asiri, kuma wallahi na so in karɓa. Amma na kama hannunta na ja ta har gaban gadon, na durƙusa.

Na ce, "Baba, ƙarya na yi. Na san tsiro ne, na san halal ne tun kafin in buɗe baki. Baƙin ciki ne ya sa ni, don ka sha nata ka bar nawa."

Baba ya juyo ya dube ni. Inna ta rufe baki da mayafi. Da ya yi magana, muryar a shaƙe ta fito saboda robar.

"Ita za ki ba haƙuri. Ni ai ɗanki ne."

Na juya na ba ta haƙuri, ita kuma ta fashe da kuka kamar ita ce mai laifin. Da likita ya zagayo aka nuna masa kunun, ya ce a gwada da cokali. Baba ya sha biyar a ranar, washegari rabin kofi, kwana uku aka cire robar.

Allah ya ba shi lafiya, ya ƙara shekara shida a duniya, har ya koma kasuwa yana zama a rumfa. Amarya ta koya mini tsiron daga jiƙo har niƙa, kuma da shi na yaye 'ya'yana biyu na ƙarshe. Baba bai taɓa tayar da maganar ba, bai rage mini komai ba, yabon dambuna ma bai fasa ba. Abu ɗaya ne ya canja, kuma ina jin shi kansa bai san yana yi ba. Duk sanda na kawo masa wani labari, ko na farashin gero ne, ko na wanda ya rasu a unguwarmu, sai ya saurara har in gama, sannan ya ɗan juya wajen Inna ya ce, "Haka ne?"

Shekara shida ina jin wannan tambayar, ban taɓa sabawa da ita ba. Abin da na koya shi ne, kishi ba ya da saiti. Yarinyar nan na nufa, mahaifina na samu, kuma abin da nake tsoron ta ƙwace mini, ni na zubar da shi da bakina. Yanzu in na ga wani ya fi ni iya abu, ko da 'yar cikina ce, sai in jawo kujera in zauna kusa da ita in ce, "Nuna mini yadda kika yi."