Shamsiyya Hamman, Mai Kula da Saƙon Ambaliya

Ranar Talata, 12 ga Agusta 2025, ina ofishin ƙungiyarmu ta manoman shinkafa a Haɗeja, mijinki Malam Nu'uman ya kira ni ya ce kin cika a asibiti, bayan zazzaɓin da duk muka ɗauka na kwana biyu ne. Yaya Shamsiyya, har yau ban iya zama a kujerarki ba.

Ke kika ɗauke ni aiki, ni Dibora, baƙuwa daga Kafanchan, kika sama mini ɗaki a gidan gwaggonki. Ke kika nuna mini babbar na'urar ofis, kika ce a cikinta akwai wasu kwamfutoci marasa jiki da kika kafa da manhaja. Baƙi kike kiransu, ita kuma uwar gida. Ɗaya daga cikin baƙin ita ke karɓar awon ruwan kogi daga Auyo, ta tura wa manoma gargaɗi a waya.

A daminar bara agogon wannan baƙuwar ya fara ja da baya ba mu sani ba. In awo ya iso, sai ta ga lokacinsa bai yi ba tukuna, ta ajiye shi. Gargaɗi ya fita bayan ruwa ya riga ya shiga gonaki. Baba Ɗan'auta, dattijon manomi, ya zo a kan babur, wandonsa duk laka, ya ce, "'Yata, saƙonki ya same ni ina tsaye cikin ruwa har gwiwa."

Ba ki ce laifin na'ura ba ne. Kin durƙusa kika ce, "Baba, mun cuce ka. Ka yafe mana."

Kin bi abin a hankali har kika gano tushensa. Ƙaramin batirin da ke riƙe wa uwar gida agogo ya mutu, duk lokacin da aka ɗauke wuta sai ta tashi da tsohon lokaci ta ba baƙinta. Baƙuwar kuma wajen saita agogonta tana sauraron uwar gida, tana sauraron intanet, kowa na ja. Kika canza batirin, kika bar wa baƙuwar intanet kaɗai. Ranar Asabar ta wannan makon kika hau kwalekwale da ni, muka taya iyalin Baba tsamo abin da ya saura na shinkafarsu.

Amma kin gaya mini gyaran bai ƙare ba, don in sabis ya yanke agogon yana sake zamewa. Kin ce za mu zauna a kai kafin ruwan bana ya yi ƙarfi. Yanzu kogi ya cika, jiya kuma na tarar agogon ya sake ja da baya. Na daidaita shi da hannu yadda kika koya mini, na kira mutanen Auyo da bakina don in tabbatar da awon. Tsoro nake ji, Yaya. Ban san rabin abin da kika sani ba, mutane kuma suna kwana da waya a kusa da kai saboda sun yarda da ke.

Allah ya jiƙan ki, ya yafe miki, ya haskaka makwancinki. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Nu'uman, da Inna mahaifiyarki, da 'yarki Ummi, wadda ta tambaye ni a wurin zaman makoki ko in ta zo ofis za ta same ki. Allah ya raya ta, ya ba mu haƙuri.