Ruwan Dutsen Taima

Na manta abubuwa da yawa na zamanmu a unguwar Hindawiyya ta Makka, har sunayen wasu maƙwabtan da muka ci abinci a faranti ɗaya sun ɓace mini. Amma shekarar da wani dutse ya kusa kashe mini uwa da yunwa, wannan kam ko gigin tsufa ba zai ƙwace mini ita ba.

A shekarun alif ɗari tara da sittin ne, lokacin ina da zafin kai da bakin da ba ya shiru. Maigidana direban babbar mota ne, yana kai kaya arewa, wajen Taima da Tabuka, ni kuma ina daka yaji ina sayarwa a unguwa. Inna, mahaifiyata, tana tare da mu. Da ƙafa ta taho daga ƙasar Kano, ta binne mahaifina a hanyar Sudan, ta ƙaraso da mu muna ƙanana. Burinta ɗaya ne a duniya: ta cika a Makka da imaninta, a yi mata salla a Harami.

Wata rana maigida ya dawo da wani faffaɗan dutse da suka tsinta a wani kufai kusa da Taima, suka tare tayar mota da shi. Ya ce ga dutsen niƙa kyauta. Ina wanke shi na juya bayansa, sai ga rubutu layi-layi an sassaƙa. Kamar Larabci, amma ba ɗigo ko ɗaya, kuma kowane harafi yana zaman kansa.

"Ke, ɗaga shi daga ƙasa," in ji Inna. "Rubutu ne fa."

Mu dai haka aka rene mu, ko guntun takarda muka gani da baƙi irin na Larabci sai mun ɗauke mun soke a jikin bango. Aka kai wa malamin makarantar allon unguwarmu, ya juya shi sama ya juya ƙasa, ya ce shi bai iya wannan ba, a dai ajiye shi a wuri mai tsabta. Inna kuwa ta riga ta yanke hukuncinta. Rubutun mutanen farko ne, a ƙasar annabawa aka samo shi, to in ba sunan Allah ba me zai zama? Da ma tana fama da ciwon gwiwa. Sai ta riƙa wanke fuskar dutsen a ƙwarya kamar yadda ake wanke allo, ta yi bismilla ta sha. Kafin ka ce me, matan unguwa sun fara zuwa da kofunansu. Ni ma na sha, yaran ma an ba su.

Da aikin Hajji ya matso muka ba da hayar ɗakin ƙofa ga wani dattijo mutumin Afganistan, dogo, mai hannaye kamar busasshen itace. Larabcinsa a karye yake, namu ma ba wani mai kyau ba, amma muna fahimtar juna. Wata safiya ya tarar da ni ina shanya dutsen a tsakar gida. Ya durƙusa, ya bi layukan da yatsa, fuskarsa ta cika da murna kamar ya ga ɗan garinsu.

"Na san wannan," ya ce. "Akwai irinsa a jikin tsauni a ƙasarmu, kusa da wurin gumaka."

Ya ba da labari da farin ciki, bawan Allah, bai san me yake tonowa ba. Wai shekaru ya yi yana aikin haƙa wa wasu Turawa masu tonon kufai. Sun tono ɗakunan ibadar mabiya addinin Buda, da gine-gine masu kama da kifaffiyar ƙwarya, da gumaka zaune sun tanƙwashe ƙafa, ido rabi a rufe. Rubutun kuma Turawan sun ce sunansa Aramiyya.

Inna tana bakin ƙofarta tana jan carbi. Larabcinta bai taka kara ya karya ba, amma kalmar gumaka ta san ta sarai. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta mutu haka ba. Ta tashi ta shige ɗaki ta juya wa bango fuska.

Daga ranar ta daina cin abinci. Sai dai ruwa a bakin salla. In na matsa mata ta ce, "Da wane cikin zan ci? Na bar ƙasata, na bar ubanki a rami a jeji, ashe ruwan gunki na zo sha a ƙofar ɗakin Allah." Malam ya zo ya ce rashin sani ne, ta yi istigfari. Ta ce shi da bai iya karanta dutsen ba ina ya san girman abin da ta haɗiye? Shi kuma baƙon ya fita Mina da ayarinsu, bai ma san wainar da ake toyawa ba. Gari ya cika da talbiyya, gidanmu ya zama kamar gidan makoki. Na ji tsoro ƙwarai, ba tsoron mutuwarta kaɗai ba, tsoron ta mutu tana ganin Allah ya juya mata baya.

Ranar da baƙon ya dawo daga Mina, kansa a aske, yana murmushi, ban bari ya ajiye jakarsa ba. Na sauke masa kwandon masifa da Larabci da Hausa a cakuɗe. Da ya gane abin da nake faɗa, sai murmushin ya gudu. Ya ce a nema masa izini ya gaishe ta.

Ya zauna a bayan labule, ni ina tsakiya ina fassara. Inna ce ta fara, murya ƙasa-ƙasa.

"Tambaye shi, sunan gunki ne a jiki ko sunan Allah?"

Na yi ta ƙifta masa ido don ya ce na Allah ne a huta. Ko kallona bai yi ba.

"Wallahi ban sani ba, ya Hajja. Ni haƙa na iya, ban iya karatunsa ba."

Kamar in shaƙe shi. Amma ya ci gaba. Ya ce na ƙasarsu da aka karanta, tafinta ya gaya musu wani sarki ne yake horon mutanensa su bi iyayensu, su rage kashe dabbobi. Ya ce da rubutun nan fatake sun yi lissafi, sarakuna sun aika saƙo, an rubuta sunayen matattu don kada a manta da su, kuma an ce harshen ne mutanen Annabi Isa suke magana da shi, haruffan Larabci ma daga zuriyarsa suka fito. Sannan ya tambaye ta me take cewa in za ta sha.

"Bismilla mana," in ji Inna. "Me zan ce?"

"Wa kike roƙo ya warkar da ke?"

Ya sassauta murya ya ce shi kansa da ladan tonon gumakan nan ya biya kuɗin jirgi. Tun daga gida abin yake cin sa, ko Hajjinsa zai karɓu. A Arfa ya yi kuka ya gaya wa Allah: ka san ban taɓa sunkuya musu ba sai don in kwashe ƙasa. Ya ce daga nan ya ji ƙirjinsa ya saki, kuma bai ga dalilin da wanda ya ji shi zai ƙi jin ta ba.

Can sai na ji wani sauti daga gadon Inna, na zaci kuka ne, ashe dariya ce mara ƙarfi.

"Gaya masa," ta ce, "shi ya ci kuɗinsu, ni na sha ruwansu. Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ke kuma kin tsaya kina zare ido, ba kunu a gidan nan ne?"

Na dama kunun nan ina kuka ina dariya.

Da ta samu ƙarfi, da kanta ta bi gidajen unguwa ta ce a daina zuwa da kofi. Ni na so a jefar da dutsen a juji, ta hana. Ta sa maigida ya mayar da shi kufan da ya ɗauko shi, ya jingina shi rubutun yana kallon hanya. Ta ce wanda ya zauna ya sassaƙa shi so yake a karanta, wataƙila ma sunan uwarsa ne, kuma mai iya karatun yana nan tafe ko ba a zamaninmu ba. Ta ƙara shekaru masu kyau a duniya, gwiwar dai ba ta daina ciwo ba, kuma a Harami aka yi mata salla.

Abin da na koya shi ne, in na tarar da abin da ban iya karantawa ba, ba na mayar da shi magani, ba na mayar da shi abokin gaba. Kuma har yau ina gode wa Allah da dattijon nan bai bi ƙiftawar idona ba. Da ya yi mata ƙarya, da Inna ta gane, don ba a yi mata wayo. "Ban sani ba" ɗin nan nasa ne ya sa ta yarda da sauran maganarsa, ta ci abinci.